Garwashi da Mugun Kawunsa

Ɗan ƙanwata mawaƙi ne. Waƙar hip-hop yake yi, irin wadda ake zuba magana da sauri a kan kiɗa kamar ana faɗa da wanda ba a gani. A waje an san shi da Garwashi. A gida kuwa Dogo muke ce masa, don tun bai gama firamare ba ya wuce ni tsawo, ko da yake wuce ni tsawo ba abin a yi shela ba ne.

Ni ɗinkin katifa nake yi. Shagona ɗaki biyu ne: na gaba inda keken ɗinki da teburin yanka suke, da na baya inda muke jibge soso har rufi. A tsakanin ɗakunan nan Dogo ya tashi. Uwarsa, Allah ya jiƙanta, ta rasu yana rarrafe. Ubansa direban babbar mota ne, hanya ta fi gida saninsa. Sai matata ta goya shi, ta haɗa da 'ya'yanmu mata ta raina. Da yake shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, ya sha gata har ya ƙoshi. Tsokar da ta fi girma tasa ce, bargon da ya fi kauri nasa ne. Katifarsa ni na ɗinka da hannuna, kuma duk lokacin da ƙafarsa ta leƙo waje sai in farke ta in ƙara mata tsawo.

Yaro ne mai sanyin hali. In kaza ta shiga ɗakinsa, shi yake fita ya ba ta wuri. Da ya gama sakandare ya zauna tare da ni a shago, ya iya yankan soso fiye da ni, hannunsa ba ya karkacewa. A lokacin ne ya gano cewa ɗakin baya yana haɗiye murya. Kome ihun da ka yi a cikin soson nan, maƙwabta ba sa ji, sai wanda ke zaune a kan keke, wato ni. Sai ya mai da ɗakin wurin gwajin waƙa. Ni ina taka keke, shi yana zuba baiti ta bayan bango.

Waƙoƙinsa na farko ba su da laifi. Akwai ta ruwan sama, akwai ta kekensa na hawa, akwai wadda ya bi maƙwabta gida-gida yana gaishe su. Ni dai sun yi mini daɗi. Matsalar ita ce daga ni sai matata muke saurare, ita ma ɗin tana ji ne tana tankaɗe.

Wata rana wani mai sutudiyo ya zo sayen guntayen soso zai manna a bangon ɗakin da yake ɗaukar murya. Mutum ne mai ƙiba, kullum da abin saurare rataye a wuyansa kamar likita. Ya jiyo Dogo ta bayan bango, ya tsaya ya kasa kunne, sannan ya sa aka kira shi.

Ya ce, "Yaro, kana da baki. Ciwo ne ba ka da shi. Wannan waƙar sai da ciwo. Wa ya taɓa cutarka?"

Dogo ya daɗe yana tunani. Can ya ce, "Akwai wani mai faci da ya taɓa riƙe mini famfon keke."

"Yauwa! Ya cinye?"

"A'a, ya dawo da shi. Har ya gyara mini bakinsa."

Mai sutudiyo ya dafe kai. Sai ya nuna ni da haɓa, ina zaune a gabansa kamar buhun auduga, ya ce, "Wannan kawun naka fa? Bai taɓa marinka ba? Ko harara?"

Dogo ya yi dariya ya ce, "Wa? Kawu? Ai Kawu ko ƙuda ya sauka masa a hanci, haƙuri yake ba shi."

Suka yi dariya su biyu. Ni ban yi ba. Na tsufa a unguwar nan babu mahaluƙin da ya taɓa jin tsorona. Yara suna ɗaukar almakashina a gabana su yanka kwali. Ko karen mai gadin layinmu, da ke haushin kowa, ni in ya gan ni hamma yake yi. Na tsayar da keke na ce, "Ku sa ni."

Suka ce, "A ina?"

Na ce, "A waƙar. Ku ce ni ne mugun."

Dogo ya ƙi da farko, har da su "Haba Kawu, Allah ya kiyaye." Na ce masa ai wasa ne, kamar fim, kuma in sunana zai zama masa tsani, to ya taka. Da ya yarda ya shiga ɗakin baya zai tsara, sai ya kasa. Iyakar muguntar da ya iya tuna mini ita ce wata rana na ce masa ya rage gishiri. Dole na shiga na taya shi. A nan na gano ashe akwai mugunta jibge a cikina, sabuwa fil, ba a taɓa taɓa ta ba. Na ce masa, "Ka ce ni mai ɗinkin katifa ne amma a kan siminti kake kwana." Ya zaro ido ya ce, "Kawu, ina ka samo wannan?" Muka yi ta juya ta har ta zauna:

Kawuna mai katifa, ni ina kwana a siminti,
Soso har rufin shago, bai ban aron na minti,
Nawa a murfin tukunya, na 'ya'yansa a faranti.

Layi na biyun nan nawa ne tun daga farkonsa har ƙarshensa, babu hannun kowa a ciki. Ina faɗa ne don a sani.

Da matata ta ji, ta ajiye ludayi ta ce, "Murfin tukunya? Ni? Yaron da nake hana kaina in ba shi? Malam, in kana sha'awar zama azzalumi da tsufanka, ka je ka zama, amma ka cire mini tukunyata a ciki." Dogo ya durƙusa ya yi ta ba ta haƙuri. Ta haƙura saboda shi, ni kuwa na sha miya ba nama na ɗan lokaci.

Waƙa ta fita, ta kama gari kamar wutar kara. A motar haya ita, a shagon aski ita, a wayar masu tallan ruwa ita. Dogo ya zama Garwashi. Ya sayi baƙin tabarau da wata sarƙa da ke bar masa kore a wuya, ya koyi ɗaure fuska a gaban madubi. Aka yi waƙa ta biyu, a cikinta na kore shi daga gida ana ruwa. Aka yi ta uku, na ƙona masa takardun makaranta. Kowace fita sai na ƙara lalacewa. Ya bar yankan soso, ya kama ɗaki a cikin gari, ana kiransa garuruwa yana cika dandali. Marayu da waɗanda suka tashi a hannun dangi suna tare shi a hanya suna kuka, suna cewa labarinsu ya faɗa. In ya dawo ya ba ni wannan labarin, jikinsa a sanyaye yake. Ni kuwa sai in ce masa ai alamar aiki ya yi kyau ke nan.

Da yake a waƙa na kore shi, ba ya iya shigowa ta ƙofar gaba. Ta lungu yake zagayowa, ya cire tabarau, ya durƙusa ya gaishe ni, ya cinye abin da matata ta ajiye masa, sannan ya shige ɗakin soso ya gwada sabuwar waƙar zagina. Yana da wani rauni guda: in hankalinsa ya tashi, baiti yakan ɓace masa. In na ji ya yi shiru ta bayan bango, sai in jefa masa kalmar daga kan keke, ya cafe ya ci gaba. Haka muka saba, har ba na sanin na yi.

Ni ma fa na samu rabona. Mutane suka riƙa zuwa ƙofar shago don su ga azzalumi. Wata mata ta tsaya ta yi mini tsaki mai tsawo, ta ce, "Ji fuskarsa, kamar na Allah." Yaran da ke ɗaukar almakashina suka koma tsallaka titi in sun hango ni. Na shiga motar haya, wani saurayi ya matsa can gefe ya bar mini kujera biyu. Ban taɓa zama a sake haka ba. Mai askin da ke jikin shagona, wanda ya san gaskiya tun Dogo yana goye, kullum da safe sai ya ɗaga murya: "Dodon unguwa, an tashi lafiya? Yau wa za a ci?" In ce masa ya kiyaye ni. Ya ce, "Ina kiyayewa, ranka ya daɗe. Ara mini tsintsiya." In miƙa masa.

Na fara gwada ɗaure fuska ni ma. Matata ta kalle ni ta ce, "In cikinka ne ke ciwo ka faɗa a jiƙa maka magani."

Shekaru suka ɗan tura a haka. Sai wani gidan talabijin da ke da shirin sasanta mutane da rana, kai tsaye, a gaban 'yan kallo, ya nemi a kawo Garwashi da kawunsa. Mai sutudiyo ya zo shago yana haki. Ya ce akwai wani babban kamfanin waƙa da ke son ɗaukar Dogo, su buga masa faifai su fita da shi ƙasashen waje, kuma manyansu za su kalli shirin kafin su yanke shawara. Ya ce, "Baba, aikinka ba wuya. Ka zauna ka ɗaure fuska. Zai yi waƙar a gabanka. In an ce ka nemi gafara, ka ce 'ka yafe mini' a daƙile, ku rungumi juna, shi ke nan. Ban da wannan kada ka ce uffan."

Matata ta ce, "Kada ku kai shi. Mutumin da in an taka shi yake cewa sannu? Zai ba ku kunya."

Na ce mata ta manta da wanda take magana, gari guda ke tsorona.

Da yamma Dogo ya zagayo. Bai ci abincin kirki ba. Ya zauna a kan wata katifa da ban gama ba ya ce, "Kawu, ban iya komai ba yanzu sai wannan. In shirin nan ya yi kyau na haye, kuma daga nan na daina zaginka, wallahi na gaji. In ya lalace, babu ni. Don Allah shiru kawai nake roƙo."

Na ce, "Dogo, ni da na yi rayuwata duka a shiru? Kwantar da hankalinka."

Ranar shiri aka kai ni wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, fitilu ta ko'ina. Wata yarinya ta shafa mini hoda a goshi, abin da ko ranar aurena ba a yi mini ba. Wani ya maƙala mini ɗan ƙaramin makirufo a wuyan riga. Ni a zatona sai an ce ka yi magana yake kamawa. Ban tambaya ba, don mugu ba ya tambaya.

Mai gabatarwa, wata mata mai murya kamar ta malamar asibiti, ta ce, "Baba, ka san wannan saurayin?"

Na haɗe gira na ce, "Na san shi."

'Yan kallo suka ɗauki tsaki gaba ɗaya. Wata daga baya ta ce, "Allah ya isa!" Ba zan ɓoye ba, har cikin ƙashina na ji daɗi.

Aka saki kiɗa. Dogo ya taso ya tsaya a gabana, ya nuna ni da yatsa. Abin da duk cikinmu babu wanda ya tuna shi ne, bai taɓa yin waƙar nan yana kallon idona ba. Kullum akwai bango a tsakaninmu. Ya fara da ƙarfi, "Kawuna mai katifa, ni ina kwana a siminti," sai idonsa ya faɗa cikin nawa ta saman tabarau. Ya tsaya. Kiɗa ya wuce ya bar shi, ya zagayo, ya sake wucewa. Gumi ya keto masa a cikin sanyin nan.

Bakina bai shawarce ni ba. Na sunkuyar da kai na ce a hankali, "Soso har rufin shago."

A hankali a wurina. A lasifika kuwa sai da ɗakin ya amsa. Har a nan da sauran gyara, don waƙa ce da kowa ya haddace, ana iya cewa a motar haya na ji ta. Dogo ya cafe a gigice ya ce, "Soso har rufin shago, bai ban aron na awa."

Awa! Layin da na kwana ina juyawa. Na ɗago kai na ce, "Minti, Dogo, minti! Awa ta hau da siminti? Sau nawa zan gaya maka? Da na san haka za ka yi masa, da ban ba ka shi ba."

Aka kashe kiɗa. Mai gabatarwa ta matso da kujerarta ta ce, "Baba, da ba ka ba shi me ba?"

Na hango mai sutudiyo a bayan kamara yana yanka wuyansa da hannu. Na ga Dogo ya runtse ido. Duk na gani. Amma tun da nake, ba a taɓa tambayata yadda na yi wani abu a gaban jama'a ba. Katifa ba a tambayar wanda ya ɗinka ta, kwanciya kawai ake yi. Na gyara zama na yi mata bayani tiryan-tiryan: yadda na samo siminti, yadda minti ta zo mini ina cikin sa zare a allura, har da rigimar murfin tukunya. Da 'yan kallo suka fashe da dariya suna tafi, na ɗauka yabo ne, na ɗaga musu hannu.

Kafin mu iso gida, guntun bidiyon ya riga mu. Kamfanin waƙa ba su sake ɗaga waya ba. Masu gayyata suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wurin da ya samu ya hau dandali, yana buɗe baki jama'a suka ɗauka baki ɗaya: "Minti, Dogo, minti!" Ya ajiye makirufo ya sauka. Aka sa masa Ɗan Gatan Kawu. Waɗanda suka taɓa tare shi suna kuka kuwa ba su yi dariya ba. Wani ya same shi a tasha ya ce masa, "Ni da gaske na kwana a simintin." Wannan ta fi komai dukansa.

Ya daina zuwa gida, ta gaba ko ta lungu. Na ji labari ya kama aikin yankan soso a shagon wani mai katifa a ɗaya gefen gari, mutumin da ɗinkinsa ko damina ɗaya ba ya kaiwa. Matata takan zuba abinci ta kai masa da kanta, ta dawo ta wuce ni kamar turmi. Yara suka dawo ɗaukar almakashi. Mai aski ya daina kirana dodo, ya koma "Malam mai baiti", kuma a ganina wannan ta fi ciwo.

Ana cikin haka mai sutudiyo ya dawo da fara'arsa. Ya ce yanzu ni ake nema. A haɗa ni da Dogo a dandali, shi yana kuskure ina gyara masa, jama'a su sha dariya. In Dogo ya ƙi, a samo wani dogon a sa masa tabarau. Na ce, "To wace riga zan sa?" Sai na ji motsi a bayana. Na waiwaya, matata ce tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu. Ta kafe ni da ido. Na juyo na gaya wa mai sutudiyo cewa na yi tunani mai zurfi, ba zan yi ba.

Sai da damina ta wuce Dogo ya zo. Da hantsi ne, ina kan keke. Babu tabarau, babu sarƙa, ya rame. Ya gaishe ni a tsaye, ya ajiye wayarsa a kan teburin yanka ya ce, "Na yi sabuwa. Ban gwada ta a nan ba. Ina so ka ji kafin kowa."

Ya kunna. Kiɗan ba hayaniya, muryarsa ma ƙasa-ƙasa. Ya faɗi gatan da aka yi masa, ya faɗi ƙaryar da ya sayar, ya nemi gafarar waɗanda ya ara ciwonsu ya yi ado da shi. Sannan ya iso kaina:

Na hau bangon ƙarya, kai ka riƙe mini tsani,
Aka tafa maka kaɗan, ka sake shi don a gani,
Laifina na sani, naka fa, Kawu, ka sani?

An zage ni a gari guda shekara da shekaru ina jin daɗi. Wannan ba zagi a cikinta ko ɗaya, amma sai na kasa ɗaga kai daga kan allura. Na yi ta gyara zaren da ba abin da ya same shi.

Ya ce, "Ta yi zafi?"

Na ce, "Ta yi."

"In ka ce in goge, zan goge. Amma ita kaɗai gare ni. In ba ta fita ba, na bar waƙa ke nan."

Na ce, "Akwai ƙarya a ciki?"

Ya ce, "Babu."

Na ce, "To fitar da ita."

Ya fitar, da sunan Dogo, ya bar Garwashi. Ba ta kama gari ba. Wasu sun ce wannan ma Kawu ne ya tsara masa, abin da na so a ce gaskiya ne. Amma wani gidan rediyo ya riƙa sa ta, direbobi suka so ta, mutumin nan na tasha ya aiko masa da gaisuwa. Ya yi wasu bayanta, ba ni a ciki ko ɗaya. Yanzu da safe yana shagona yana yanka, da rana yana sutudiyon wani daban. Ba ya cika dandali, amma ana kiransa, kuma ana barinsa ya kai ƙarshen waƙa.

Kwanan nan zai yi wasa a wani ƙaramin ɗakin taro, na farko da zai yi shi kaɗai tun bayan abin da ya faru. Ya kawo wa matata katin shiga, kujerar gaba. Na jira nawa, shiru. Na tambaye shi ko tsofaffi ma sai da kati.

Ya ce, "Kawu, ko da kati ba za ka shiga ba. Na riga na nuna wa mai tsaron ƙofa hotonka."

Na ce ya nuna mini wanda ya ba shi. Ya buɗe waya ya miƙo mini. Duk hotunana na kirki da ke gidan nan, sai ya zaɓi wanda nake barci a kan keke da baki a buɗe.